Yadda Ake Rarrabe Siffofi da Abin da ke Cikinsu a Jarrabawar Gwajin Basira

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar gwajin basira irin wadda babu rubutu a cikinta sai zane ya san yadda takardar take. Za a jero maka da'ira da alwatika da murabba'i da wasu siffofi masu gefe biyar ko shida, sannan a ce ka fitar da wadda ta saɓa wa 'yan'uwanta, ko ka zaɓi wadda ya kamata ta biyo baya, ko ka cike gurbin da aka bari. Abin da ido ke fara kamawa shi ne kewayen siffar, domin da kewaye aka koya mana sunayen siffofi tun muna ƙanana. Sai dai sau da yawa amsar tana can ciki, a abin da aka cika siffar da shi: wata an shafe ta da baƙi, wata an bar ta fara fat, wata an yi mata ratsi, wata kuma an yayyafa mata ɗigo. Wannan abin da ke cikin siffa shi zan riƙa kira ciko, kuma a kansa nake so mu tsaya, saboda yana damuna in ga mai kaifin tunani yana asarar maki a kan abin da, da an nuna masa yadda ake kallonsa sau ɗaya, da ba zai sake kuskure shi ba.

Irin wannan gwaji ya daɗe ana yin sa. Wanda ya fi shahara shi ne na John Raven, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, wanda aka fara bugawa a 1938. Yana da tambayoyi 60 da aka kasa rukuni biyar, kowane rukuni da tambaya 12, kuma kowace tambaya zane ne da aka cire masa wani yanki, a ba ka zaɓi shida ko takwas ka nemo yankin da ya dace. A 1967 kuma Mikhail Bongard, masanin kimiyyar kwamfuta a Tarayyar Sobiyat, ya fitar da wasu tambayoyi 100 masu wani tsari daban: hotuna shida a hagu, shida a dama, a ce ka faɗi abin da ya raba ɓangarorin biyu. Ta uku a cikinsu kacokan a kan ciko take, domin siffofin ɓangare ɗaya kewaye ne kawai babu komai a ciki, na ɗaya ɓangaren kuma an shafe su da baƙi. A yau ana samun ire-iren waɗannan tambayoyi a jarrabawar shiga makarantu da ta ɗaukar ma'aikata a ƙasashe da dama.

Matakin farko, wanda duk sauran suka dogara a kansa, shi ne ka raba ciko da kewaye a cikin tunaninka, ka duba kowanne shi kaɗai. Idan ka tashi duba ciko, ka manta da cewa wannan da'ira ce wancan murabba'i ne, ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya kana faɗin abin da ke cikin kowanne a zuciyarka, ko ka rubuta a takardar gwaji idan an ba ka ita: baƙi, fari, ratsi, baƙi, fari. Da zarar ka mayar da abin da kake gani kalmomi, tsarin da ke ɓoye yakan fito fili da kansa, domin wanda ya ji "baƙi, fari, ratsi, baƙi, fari" ba ya bukatar a gaya masa cewa ratsi ne ke tafe. Ina ba wannan mataki muhimmanci fiye da kowanne, kuma shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, suna ganin kamar ɓata lokaci ne.

Amma faɗin suna ba ya amfani sai an faɗe shi daidai. Cewa "mai ratsi" kawai bai isa ba, domin akwai ratsi a tsaye, akwai ratsi a kwance, akwai wanda ya karkace ya taso daga ƙasan hagu zuwa saman dama, akwai kuma wanda ya gangaro daga saman hagu zuwa ƙasan dama, ban da wanda aka gicciya layukansa suka zama kamar raga. Mai shirya tambaya yana ɗaukar kowanne daga cikin waɗannan a matsayin ciko mai zaman kansa. Haka ɗigo, akwai manya akwai ƙanana, akwai masu cunkoso akwai waɗanda aka warwatsa. Toka-toka ma yakan zo mataki biyu ko uku, daga mai haske zuwa mai duhu. Wanda ya haɗa ratsin hagu da na dama a ƙarƙashin suna ɗaya ya riga ya zubar da rabin bayanin da aka ba shi tun kafin ya fara tunani.

Akwai dalilin da ya sa ido shi kaɗai ba ya wadatarwa a nan. A 1980 Anne Treisman da Garry Gelade sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa idan abu ya bambanta da na kewayensa da sifa guda ɗaya, kamar launi, ido yakan tsinto shi nan take komai yawan abubuwan da ke wurin, amma idan bambancin ya dogara ne a kan haɗuwar sifa biyu, to sai mutum ya bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya da hankalinsa. Shi ya sa baƙar da'ira ɗaya a tsakiyar farare take tsalle ta faɗo maka a ido, alhali nemo baƙar alwatika a cikin tarin baƙaƙen da'irori da fararen alwatika yana cin lokaci. Tambayoyi masu sauƙi na kashin farko ne. Duk tambayar da ta yi ɗan nauyi ta kashi na biyu ce, kuma ba a amsa ta da kallo ɗaya.

Mu ɗauki misalin tambayar fitar da bare. An ba ka siffofi biyar: alwatika baƙa, murabba'i fari, mai gefe biyar baƙa, mai gefe shida fara, da mai gefe bakwai fara. Idan ka duba ciko kaɗai, biyu baƙaƙe ne uku farare, babu wadda ta ware. Idan ka duba kewaye kaɗai, kowace da nata adadin gefe, nan ma babu bare. A irin wannan hali sai ka ajiye bayanan biyu kusa da juna: uku baƙi, huɗu fari, biyar baƙi, shida fari, bakwai fari. Nan take za ka ga cewa siffofin da adadin gefensu ke rabuwa biyu ba saura su aka bar fari, waɗanda nasu ke barin ragowar ɗaya kuma aka shafe da baƙi, don haka mai gefe bakwai ce ta karya doka, da ta bi tsari da baƙa ce. Abin lura shi ne tsarin aikin: an fara da ciko shi kaɗai, aka koma kewaye shi kaɗai, sai da dukansu suka gaza sannan aka nemi alaƙar da ke tsakaninsu. Alaƙar takan kasance da adadin gefe, ko da girman siffa, ko da inda take zaune a cikin akwatin, ko da kasancewar gefenta miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe.

Bayan irin ciko, tambaya ta gaba ita ce yawansa, wato wane kaso na siffar aka cika. A nan ne na fi ganin ana faɗuwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne a harkokin yau da kullum, sai dai a wannan jarrabawa kimar ido ita ce tarkon da aka ɗana maka. A ce ga hotuna biyar: murabba'i da aka kasa gida huɗu aka shafe biyu masu kallon juna ta kusurwa, da'ira da aka shafe rabinta, doguwar siffa mai kusurwa huɗu da aka raba daga kusurwa zuwa kusurwa aka shafe ɓangare ɗaya, mai gefe shida da aka kasa ƙananan alwatika shida aka shafe uku ana tsallake ɗaya, sai kuma da'ira da aka yanka gida takwas aka shafe uku. Idan kallo za a bi, ta huɗu da ta biyar sun fi kama da juna, kuma mutum zai iya zargin wata daban. Idan aka ƙirga kuwa, biyu cikin huɗu rabi ne, uku cikin shida rabi ne, amma uku cikin takwas bai kai rabi ba. Kama da wane ba ta wane. Ka rubuta kason kowace siffa da lamba, ka daina dogara da yadda baƙin ya cika maka ido, domin baƙin da aka tara wuri ɗaya yakan yi kamar ya fi wanda aka rarraba, ko da yawansu ɗaya ne.

Ƙirga ma tana da nata sharaɗin, wato gidajen da kake ƙirgawa su zama girmansu ɗaya. Na taɓa zama da wata ɗaliba a kan wata tambaya da ke da alwatika wadda aka ja mata layi a kwance daidai tsakiyar tsayinta, aka shafe ɓangaren sama. Ta ce gida biyu ne, an shafe ɗaya, saboda haka rabi ne. Sai na ce ta ja layi biyu daga tsakiyar gindin alwatikar zuwa bakin layin nan ta hagu da ta dama. Tana ja sai ga ƙananan alwatika huɗu masu girma ɗaya sun bayyana, uku a ƙasa, ɗaya a sama. Ta yi shiru tana kallon takardar, sannan ta goge rabin da ta rubuta ta sa kashi ɗaya cikin huɗu. Tun daga ranar, duk inda ta ga gidajen da ba su yi daidai ba sai ta ƙara musu layi har su daidaita kafin ta ƙirga, kuma wannan dabara ce da nake ba kowa shawarar ya riƙe.

Sai kuma inda cikon yake da yadda yake tafiya daga hoto zuwa hoto, wanda shi ne jigon tambayoyin da ake cewa a nemo hoto na gaba. Hanya mafi tabbas ita ce ka ba gidajen siffar lambobi. Idan da'ira ce mai yanka takwas, ka kira yankan da ke sama daga dama lamba 1, ka ci gaba da ƙirga kana bin hannun agogo har 8. Yanzu a ce baƙin yana gida na 1 a hoton farko, na 2 a hoto na biyu, na 4 a na uku, na 7 a na huɗu. Ga mai kallo kawai, baƙin yana tsalle ne ba tsari. Ga wanda ya rubuta lambobi kuwa, tazarar ita ce taku ɗaya, taku biyu, taku uku, don haka taku huɗu ne ke gaba, kuma idan ka tashi daga 7 ka taka huɗu za ka bi ta 8 da 1 da 2 ka sauka a 3. Kada ka ƙirga gidan da ka tashi daga kansa a cikin takun, domin wannan ɗan kuskure shi ke kai mutum ga amsar da ke maƙwabtaka da ta gaskiya, kuma kusan kullum za ka same ta a cikin zaɓin tana jiran wanda zai faɗa mata.

Idan ciko biyu ne ke tafiya a siffa ɗaya, ka bi kowanne shi kaɗai daga hoton farko har na ƙarshe kafin ka waiwayi ɗayan. Wani lokaci ɗaya yakan ɓace, mutum ya ɗauka an cire shi ne. Misali, baƙi yana gida na 1, na 2, na 3 yana bin hannun agogo, ɗigo kuma yana gida na 5, na 4, sannan a hoto na uku ba a gan shi ba. Lissafi ya nuna cewa ɗigon yana ja da baya taku ɗaya, ke nan ya kamata ya kasance a gida na 3, inda baƙin ya sauka ya rufe shi. A hoto na huɗu zai sake fitowa a gida na 2, baƙin kuma yana na 4.

Ratsi yana bukatar kulawa ta musamman idan siffar tana juyawa, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, shin ratsin yana manne da siffar yana juyawa tare da ita, ko kuwa yana tsaye ne bisa takarda siffar na juyawa a kansa? Ɗauki kibiya mai kallon sama wadda aka yi mata ratsi a tsaye, wato layukan suna bin tsawonta. Idan aka juya ta digiri 90 ta kalli dama, ratsin da ke manne da ita zai koma a kwance, duk da cewa ga ita kibiyar babu abin da ya sauya, har yanzu layukan tsawonta suke bi. A tambayar fitar da bare, za ka iya samun kibiyoyi biyar suna kallon wurare daban-daban, huɗu ratsinsu na bin tsawo, ɗaya nata ya ratsa faɗi. Wanda ya tsaya yana lissafa tsaye da kwance bisa takarda zai ruɗe, amma wanda ya auna ratsin da jikin kibiyar zai ga baren cikin sauƙi.

Karkataccen ratsi kuma yana da ɗabi'ar da ya kamata a haddace. Ratsin da ya taso daga ƙasan hagu zuwa saman dama, idan aka juya shi digiri 90, zai koma mai gangarowa daga saman hagu zuwa ƙasan dama. Idan aka juya shi digiri 180, zai dawo yadda yake tun farko, kamar ba a taɓa shi ba. Idan kuma aka haska shi a madubi, ko madubin na gefe ne ko na ƙasa, zai karkata ɗaya ɓangaren. Amfanin sanin wannan shi ne, idan aka ce ka nemo hoton da aka juya shi kawai, ka ga siffar ta kife ƙasa amma karkatar ratsinta ta sauya, to ba juyi na digiri 180 aka yi mata ba, an kifa ta ne kamar a madubi, kuma ka iya jefar da wannan zaɓi ba tare da ka duba komai ba. Wanda yake shakka ya ja layuka uku a karkace a ɗan guntun takarda, ya juya ta da hannunsa, ya ɗaga ta ga haske ya duba ta baya. Yin haka sau ɗaya ya fi karanta bayanin sau goma.

Tambayoyin da suka fi nauyi su ne masu gida tara, sahu uku a kwance da jeri uku a tsaye, gidan ƙarshe na ƙasan dama babu komai. A 1990 wasu masu bincike uku a Amurka, Patricia Carpenter da Marcel Just da Peter Shell, sun yi nazarin yadda mutane ke warware tambayoyin Raven masu wahala, har da bin motsin idanunsu, suka gano cewa mafi yawan tambayoyin a kan 'yan dokoki biyar aka gina su, kuma masu amsawa suna gano dokokin ne ɗaya bayan ɗaya ta hanyar kwatanta gida da gida. Daga cikin dokokin akwai wadda abu ke zama iri ɗaya a duk sahu, da wadda abu ke ƙaruwa ko raguwa daga gida zuwa gida, da wadda ake haɗa hoto biyu ko a cire ɗaya daga ɗaya, da wadda ake rarraba abu iri uku ta yadda kowanne zai fito sau ɗaya a kowane sahu. Wannan ta ƙarshe ita ciko ya fi bi. Ga misali. Sahun farko: da'ira baƙa, alwatika mai ratsi, murabba'i fari. Sahu na biyu: alwatika fara, murabba'i baƙi, da'ira mai ratsi. Sahu na uku: murabba'i mai ratsi, da'ira fara, sai gurbi. Ta fuskar kewaye, alwatika ce ba ta fito ba a sahu na uku. Ta fuskar ciko, baƙi ne bai fito ba. Amsa ke nan alwatika baƙa, kuma kafin ka yarda da ita sai ka gwada ta a jerin tsaye na ƙarshe, inda za ka ga murabba'i fari da da'ira mai ratsi a samanta, wato nan ma alwatika da baƙi ne suka rage.

Dokar haɗa hoto biyu ita ce mai ruɗarwa, saboda tana da fuska fiye da ɗaya. A ce da'ira ce mai gida huɗu. A hoton farko an shafe gida biyun sama, a na biyu an shafe gida biyun dama, ke nan gidan saman dama baƙi ne a dukansu. Hoto na uku zai iya zama mai gida uku baƙaƙe, idan dokar ita ce a tattara duk baƙin da ke hotunan biyu. Zai iya zama mai baƙi a saman dama kaɗai, idan dokar ita ce a bar inda suka yi tarayya. Zai kuma iya zama mai baƙi a saman hagu da ƙasan dama, idan dokar ita ce baƙi a kan baƙi ya koma fari. Babu wadda ta fi wata zama daidai a kanta, sahu biyun da aka cika maka ne za su nuna wadda ake nufi. Ka nemi gidan da yake baƙi a hoton farko da na biyu a sahun sama, ka duba abin da ya zama a na uku, sannan ka nemi gidan da yake baƙi a ɗaya kawai ka duba shi ma. Waɗannan gidaje biyu sun isa su bayyana dokar, sahu na biyu kuma ya tabbatar maka da ita.

A tambayoyin kwatance, inda ake cewa yadda wannan ya koma wancan haka wannan zai koma me, abin kiyayewa ɗaya ne: ka tantance ko ciko ne ya yi musanya ko siffofin ne. Babbar da'ira baƙa mai ƙaramar alwatika fara a ciki, idan ta koma babbar da'ira fara mai ƙaramar alwatika baƙa, ciko ne ya sauya wuri. Idan kuwa ta koma babbar alwatika fara mai ƙaramar da'ira baƙa, siffofin ne suka yi musanyar matsayi, kowace ta tafi da cikonta.

Dole kuma in faɗi abin da zai zama kamar ya saɓa wa duk bayanin da ya gabata, wato wani lokaci ciko ba shi da wata alaƙa da amsar. An sa shi ne don ya ɗauke maka hankali, musamman a tambayoyin rukuni biyu irin na Bongard, inda za ka ga baƙi da fari sun warwatsu a hagu da dama alhali bambancin yana ga adadin kusurwa ko ga layukan da suka ratsa juna. Yadda ake gane haka shi ne a gwada dokar a kan kowane hoto ba tare da sassauci ba. Idan ka ce rukunin hagu na baƙaƙen siffofi ne, sai ka samu hoto ɗaya a hagu da babu baƙi a cikinsa, ko hoto ɗaya a dama da ya cika sharaɗin, to dokar ta faɗi, kuma biyar cikin shida bai isa ba. Zuciya takan so ta yi wa hoton da ya ƙi uzuri, saboda mutum ya riga ya sha wahala kafin ya samo dokar, amma hoton nan da ya ƙi shi ne mafi amfani a shafin, domin yana nuna maka ko dai dokar tana da wani sharaɗi da ba ka gani ba, ko kuma ciko ba shi ne hanya ba gaba ɗaya. Ka fara da hoton da ya fi ƙarancin abubuwa a kowane rukuni, tunda duk dokar da ke aiki dole tana cikinsa, kuma babu tarkace da yawa da za su rufe ta.

Toka-toka yana da wata matsala ta daban wadda ta shafi yadda ido ke aiki. Launin toka iri ɗaya yakan yi kamar ya fi haske idan baƙi ya kewaye shi, ya yi kamar ya fi duhu idan fari ne a kewayensa. Saboda haka idan kana kwatanta toka biyu da ke zaune a wurare mabambanta, ka rufe kewayensu da yatsu ko da gefen takarda ka dube su su kaɗai. Idan takardar ta sha kwafi, ratsi mai cunkoso yakan dusashe ya koma kamar toka, ɗigo ƙanana kuma su kusa ɓacewa, don haka ka matso da ita ka duba da kyau. Idan a kwamfuta ake jarrabawar, ka zauna daidai fuskar allon, domin kallonsa ta gefe yana iya sauya duhun launi, kuma idan hoton ya lalace har ba ka iya bambancewa, ka sanar da mai kula da jarrabawar tun lokaci bai ƙure ba.

Game da zaɓin amsoshi, shawarata ita ce kada ka dube su sai ka riga ka faɗa wa kanka abin da kake nema, kamar "alwatika baƙa" ko "baƙi a gida na 3". Ana tsara zaɓin ƙarya ne su yi kusa da gaskiya: ɗaya yana da kewaye daidai amma cikonsa ba daidai ba, ɗaya cikonsa daidai amma yana gidan da ke kusa, ɗaya komai nasa daidai in ban da ratsinsa da ya karkata ɗaya ɓangaren. Wanda ya shiga cikinsu ba tare da ya san abin da yake nema ba, kowanne zai yi masa kama da amsa. Idan kuwa ka kasa gano dukan dokokin, yi amfani da wadda ka tabbatar, ka soke duk zaɓin da ya saɓa mata, sannan ka kwatanta waɗanda suka rage da junansu. Inda suka bambanta nan ne doka ta biyu take, sai ka koma hotunan tambayar ka dubi wannan wurin kaɗai.

Wajen atisaye, yawan tambayoyin da ka amsa bai kai muhimmancin sanin irin kuskuren da kake yi ba. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta a gefenta ko iri ne ka ruɗa, ko kaso ne ba ka ƙirga ba, ko taku ne ya kuɓuce maka, ko karkatar ratsi ce, ko kuma ka bi ciko ne alhali amsar tana wani wuri. Bayan 'yan kwanaki za ka ga abu ɗaya ko biyu ne ke ta maimaituwa, sai ka ware musu lokaci. Daga nan ka gwada shirya tambaya da kanka: ka zana gida tara, ka zaɓi siffa uku da ciko uku, ka rarraba su ta yadda babu wanda zai maimaitu a sahu ko a jeri, ka bar gidan ƙarshe fanko, sannan ka ƙirƙiri zaɓin ƙarya biyar, kowanne da kuskure guda ɗaya tak. Ka miƙa wa wani ya amsa, ka zauna kusa da shi ka ga zaɓin da hannunsa zai fara zuwa kai, sannan ka tambaye shi abin da ya gani a cikinsa.